Wane fulogi zan sa wa IS300 mai turbo da nake shirin ɗaura wa naitros?

Sadiq_IS300:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Lexus IS300 ta 2003, injin 2JZ-GE, an ɗaura mata turbo a wani gareji a Mushin, bust ɗin, wato matsin iskar da turbo ke turawa, bai wuce psi 7 zuwa 8 ba. Matsalar ita ce in na taka totur sosai, da zarar juyin inji ya haura 4500 a minti turbo ya cika sai ta fara fizge-fizge tana harbi ta salansa, in na sassauta ƙafa kuma lafiya lau kamar ba ita ba. Fulogin da ke ciki iridiyam ne sabo fil. Ga shi kuma na sayi kit ɗin naitros na hannu, gas ɗin nan da ake fesa wa inji don ƙara ƙarfi, shot 50, wato ƙarin doki 50, ban ɗaura ba tukuna. Bakanikena ya ce in je in nemo iridiyam mafi tsada a kasuwa shi ke nan magana ta ƙare, wani kuma ya ce a'a na jan ƙarfe ɗin nan mai araha ya fi. Don Allah masana wanne ne gaskiya kafin in yi asara?

Dan_Agege77:
Wa alaikumus salam. Kwayil ne malam, canza kwayil kawai. Tawa haka ta yi.

Oga_Bala_Ladipo:
Sadiq ƙanina kar ka taɓa kwayil tukuna. Karanto mana rubutun da ke jikin farin tangaran ɗin fulogin, duka har lambar ƙarshe.

Sadiq_IS300:
Oga Bala an rubuta BKR5EIX-11.

Oga_Bala_Ladipo:
To ga ciwon nan a fili. Abu biyu ne. Wannan 11 ɗin na ƙarshe yana nufin tazarar bakin fulogi milimita 1.1 ce, tazarar mota ce da ba ta da turbo. Kai kuma yanzu kana cusa iska cikin silinda da ƙarfi, kuma iya yawan matsin da ke cikin silinda iya wahalar da wuta za ta sha kafin ta tsallaka wannan tazarar, kwayil ɗinka na ba da wuta amma ba ta isa ta tsallaka ba idan bust ya cika, shi ya sa a ƙasa take lafiya a sama take mis. Matse tazarar ta dawo 0.7, in ta ci gaba ka sauko 0.65 ko 0.6. Na biyu kuma lambar 5 ɗin. Wannan ita ce lambar zafin fulogi, a wajen NGK, kamfanin da ya yi fulogin nan, duk sanda lamba ta hau fulogin ya fi saurin zubar da zafi. Injinka da 5 ya zo daga kamfani, ɗan'uwansa GTE na cikin Supra da Aristo wanda aka haifa da turbo da 6 ya zo. Kai ka sa turbo a kan inji mai kwamfreshan 10.5, alhali GTE 8.5 ne, ka kuma bar 5 a ciki. Nemi BKR7E guda 6, na jan ƙarfe ne, ba shi da tsada.

Dan_Agege77:
To ni dai kwayil na canza ta daina.

Oga_Bala_Ladipo:
Za ta daina mana, sabon kwayil ya fi tsoho ƙarfin wuta. Amma kuɗin kwayil nawa, matse baki kuma nawa? A fara da na banza.

Injiniya_Zee:
Bari in ƙara kan maganar Oga Bala don mutane da yawa suna ɗauka fulogi mai sanyi wutarsa ce ba ta da zafi, ko mai zafi yana ƙara gudu. Ko ɗaya babu. Wutar iri ɗaya ce. Bambancin yana tsawon hancin tangaran ɗin ne ta ciki, mai gajeren hanci yana miƙa zafi ga kan inji da sauri, mai dogon hanci yana riƙe zafin. Ana son bakin fulogi ya zauna tsakanin wajen digiri 500 zuwa 800. In ya gaza 500 ba zai ƙona baƙin hayaƙin da ke taruwa a kansa ba, sai ya toshe. In ya wuce 800 da yawa sai bakin ya yi ja kamar garwashi ya kunna man tun fistin bai iso sama ba, tun kafin kwamfuta ta ba da umarnin wuta. Wannan shi ne mai huda fistin, kuma ba ya ba ka lokaci, cikin daƙiƙu ne. Abin da masu harkar suka saba bi shi ne duk ƙarin doki 75 zuwa 100 a sauka mataki ɗaya wajen sanyi. Ƙiyasi ne ba doka ba.

Mai_Golf_Obalende:
Wato dai lamba babba ita ce sanyi. To ni Bosch nake amfani da shi, in nemi 8 ke nan?

Injiniya_Zee:
A'a yallabai tsaya! Bosch da Champion a juye suke, a wajensu ƙaramar lamba ce mai sanyi. NGK da Denso ne babbar lamba take sanyi, kuma su ma lissafinsu ba ɗaya ba ne, Denso 16 shi ne kusan NGK 5, 20 ya yi daidai da 6, 22 da 7, 24 da 8. In ka ɗauki Bosch 8 da niyyar sanyi ka ɗauko mai zafi ne.

Mai_Golf_Obalende:
Kai Allah ya saka da alheri Hajiya, da na tafka ta.

Turbo_Nas:
Ni ban yarda da wannan maganar ta jan ƙarfe ba gaskiya, tsohon yayi ne. Ku duba motocin turbo na yanzu, BMW, Benz, Golf GTI, da me suke zuwa daga kamfani? Duk masu siririn baki ne, iridiyam ko filatinam. Ina da 335i mai injin N54 an yi mata tunin, wato an sake saita kwamfutarta, NGK 97506 ne a ciki, iridiyam ne, lambar zafinsa 8, kuma ba ta taɓa yi min mis ba. Siririn baki bai buƙatar wuta mai yawa kafin ya tsallaka, ai wannan shi ne ainihin abin da mai turbo yake nema. Iridiyam sai ya haura digiri 2400 yake narkewa. Me ya sa za ka koma fulogin zamanin Peugeot 504?

Oga_Bala_Ladipo:
Nas ba wanda ya ce iridiyam ba shi da kyau. Taka motar an gama saita ta, ka sa ka manta. Ta Sadiq yanzu ake lalube, za a kwance fulogi a duba, a canza taimin, wato lokacin tashin wuta, a sake sa sabo a duba, don tsohon fulogi ba ya karantuwa. Wa zai riƙa zubar da set ɗin iridiyam kowane gwaji da kuɗin dala na yanzu? Sannan ga naitros yana tafe. In abu ya ɓaci gara bakin fulogi mai araha ya narke ya gaya maka, da fistin ya gaya maka.

Turbo_Nas:
Wannan maganar ta “fulogi zai narke ya ceci inji” na sha jin ta, amma in har ƙugiyar fulogi, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan na bakinsa, ta narke ina gutsuren yake zuwa? Ta bawul zai bi ya faɗa kan fankar turbo. Ba ceto ba ne.

Injiniya_Zee:
Nas yana da gaskiya a nan, fulogi ba fiyus ba ne. Amma dalilin kuɗi da na karantawa da Oga ya kawo ya isa. Kuma a sani na jan ƙarfen ma ba bakinsa ne jan ƙarfe ba, cikinsa ne, bakin nikel ne. Iridiyam ɗin ma yawanci jan ƙarfe ne a cikinsa.

Alhaji_V8_Apapa:
Ku bar ni in yi magana kan naitros don a nan na ɗan daɗe. Ina da Camaro mai injin LS, ina harba shot 100. Sadiq ɗana, turbo daban naitros daban. Turbo a hankali yake cika, naitros kuwa kana danna maɓalli gaba ɗaya yake faɗowa. Gas ɗin nan kusan kashi 36 cikin 100 na nauyinsa oksijin ne, iskar da muke shaƙa wajen kashi 23 ce, yana shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300 sai ya rabu ya saki oksijin ɗin, man ya ƙone da sauri fiye da da. Shi ya sa ake ja da taimin baya, abin da aka saba shi ne digiri 2 kan kowane doki 50. In ba ka ja ba ko fulogin zinare ka sa sai ta buga.

Sai siffar fulogin. Akwai mai leƙowa, wanda tangaran ɗinsa ya fito waje ya wuce tiredi, akwai wanda bakinsa ke lafe a ciki. Na naitros mai lafewa ake so don ƙugiyarsa gajeriya ce, zafi bai da nisan tafiya. A tawa TR55 ne irin na yau da kullum, na koma TR6 da na fara ƙaramin shot, da na hau 100 na koma BR7EF wanda ba ya leƙowa. Kuma filatinam ka nisance shi, masu haɗa kit ɗin nan da yawa suna gargaɗi a kansa. Masu ƙugiya biyu ko uku ko huɗu ma ajiye su, ƙarin ƙarfe ne kawai da zai yi zafi a cikin silinda.

Sadiq_IS300:
Na gode Baba Alhaji. To BKR7E ɗin da Oga Bala ya ce mai leƙowa ne ko mai lafewa?

Alhaji_V8_Apapa:
Mai leƙowa ne. Ga turbo kaɗai a psi 8 ya yi maka. Ranar da kwalbar naitros ta shigo ni dai zan ce ka duba BCR8ES.

Oga_Bala_Ladipo:
Alhaji da girmanka, BCR ɗin ya ɗan fi BKR tsayi ta sama, wajen milimita 2.5, tsarin Japan ne na da, sai an duba yadda kwayil ke zama a kai kar a danne shi da ƙarfi ya tsage. Amma ba wannan ne damuwata ba. 8 mai lafewa a Legas? Yaron nan a ina yake zaune?

Sadiq_IS300:
Agege nake Oga, aiki kuma a Ikoyi.

Oga_Bala_Ladipo:
Ka ji ko. Kullum sai ya bi ta Oshodi ya hau Third Mainland, safe da yamma yana cikin goslo ga AC a kunne inji na silo. A silo bakin fulogi 8 ba zai kai zafin wanke kansa ba, balle mota mai manyan nozul da aka saita ta sha mai da yawa. Ba za a daɗe ba zai dawo nan yana ce mana mota na rawa da safe tana baƙin hayaƙi. Duk abin da kuke gani a bidiyon 'yan Amurka, su a kan tirela suke kai motar fili su yi gudun daƙiƙa 10 su sauko. Mu kuma mota ɗaya ce, ita ce ta ofis ita ce ta kai yara Islamiyya ita ce ta wasa ranar Lahadi.

Alhaji_V8_Apapa:
Shi ya sa ni set biyu nake da shi. Na yawo daban, na ranar kwalba daban. Kwance fulogi 6 wane aiki ne?

Sadiq_IS300:
Baba a wannan injin sai an cire totur bodi da bututun da ya haye saman kan inji kafin a kai ga na tsakiya fa.

Alhaji_V8_Apapa:
Au haka ne, GE ne ba GTE ba. To Allah ya ba da haƙuri, wanda ya ce zai iya haɗiye gatari sai a riƙe masa ƙota.

Rewaya_Idi_Araba:
Ina so in ja kunne kan abu ɗaya da ba wanda ya faɗa. Wannan R ɗin da ke cikin BKR7E resisto ne. Akwai fulogin tsere irin R5671A da ake yabawa a intanet, ba su da resisto, R ɗinsu na farko na tsere ne kawai. In ka sa su a mota mai birenbokis, musamman wadda aka yi wa ƙarin kwamfuta da wayoyi a waje kamar ta Sadiq, hayaniyar wutar na iya shiga wayar sensa, laftof ya riƙa yankewa ana cikin tunin, allura ta riƙa tsalle. An kawo min wata haka mun kwana muna bin waya ashe fulogi ne. Sannan IS300 kwayil 3 gare ta ba 6 ba, kowane ɗaya na ciyar da fulogi biyu, ɗaya kai tsaye ɗaya ta waya. Duba wayoyin nan uku, motar ta haura shekara 20, in sun tsufa wuta na zurarewa ta gefe idan bust ya hau. Don haka Dan_Agege bai yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Dan_Agege77:
Yauwa! Na gode Rewaya, da an mai da ni mahaukaci.

Ummi_Lekki:
Ni tambayata daban ce, a ina kuke gwada wannan naitros ɗin? Don in a kan titin Lekki zuwa Epe ne da daddare wallahi ku ji tsoron Allah, mutane na tsallakawa ga tireloli ga masu keke.

Turbo_Nas:
Gaskiya ne Anti. Tunin dai a kan daino ake yi, mota a ɗaure tayoyi na juyawa a wuri ɗaya, akwai masu shi a garin nan.

Mai_Golf_Obalende:
Duk wannan lissafin 7 da 8 ɗin, in fulogin jabu ne fa? Kwali ya ce 7 amma Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Na taɓa sayen iridiyam a wani shago, farashin ya yi daɗi, ba a jima ba siririn bakin ya cinye tas, ashe fenti ne kawai da ƙarfen banza.

Oga_Bala_Ladipo:
Wannan kuma wani dalilin ne da ya sa nake tura mutane kan BKR7E, masu jabu sun fi bin mai tsada don a nan riba take, duk da ba na ce babu jabunsa sam ba. In za ka saya ka duba wosha, ta asali ba ta zarewa da sauƙi ta faɗo. Duba rubutun jikin tangaran ko ya yi dishi-dishi ko ya karkace. Duba ƙugiya ko tana daidai saitin allurar tsakiya. Ka jera guda 6 ɗin ka kalle su tare, na gaske kamar tagwaye suke. In kana da mita auna resisto ɗin, wajen kilo'om 5 ya kamata ka gani, in ɗaya ya ba ka 1 ɗaya ya ba ka 12 mayar masa da kayansa. Kuma duk wanda ya ba ka iridiyam a kuɗin na jan ƙarfe ka san me ka saya.

Sule_Mile12:
Ni a ganina duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Mai ne matsalar. Wanda ya rubuta tunin ɗin nan a Turai da fetur mai okten 98 ya rubuta, okten ɗin shi ne ma'aunin yadda mai ke jure matsi, mu kuma abin da famfo ya ba ka shi za ka sha, yau wannan gidan mai gobe wancan. Kun manta farkon 2022 da aka shigo da fetur mai metanol da yawa, layi ya cika garin nan motoci suka yi ta lalacewa? Inji mai kwamfreshan 10.5 da turbo da naitros a kan man da ba ka san okten ɗinsa ba, fulogi 9 ma ba zai hana shi noking ba.

Injiniya_Zee:
Sule ya taɓo inda yake. Abu biyu ne ake haɗawa. Akwai wanda na faɗa a sama, mai ya kama kafin wuta saboda wani abu ya yi ja, a nan fulogi mai sanyi na taimakawa. Akwai kuma noking, wuta ta tashi daidai amma ragowar man da ke gefe ya fashe da kansa saboda matsi da zafi, wannan maganinsa okten ne da ja da taimin da sanyaya iska da intakula, fulogi ba ya gyara shi. Sai dai fulogin zai nuna maka. In ka ga ɗigo-ɗigo baƙi ko masu ƙyalli a kan farin tangaran, masu ƙyallin nan alminiyam ɗin fistin ɗinka ne, a tsaya. Duba ƙugiya kuma, akwai inda launi ke canzawa, in yana wajen lanƙwasa taimin ya yi daidai, in ya gangara kusa da tiredi ya yi gaba da yawa. Amma sai da sabon fulogi, a ja mota da ƙarfi a kashe nan take, in ka bar ta ta yi silo ka goge shaidar.

Dan_Agege77:
To a zuba okten busta mana.

Sule_Mile12:
Yawancin na kanti ɗan abin da suke ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Masu aikin kuma masu sinadarin MMT ne, su kuma suna rina fulogi ja-ja kamar tsatsa, sai Injiniya ta rasa abin karantawa.

Alhaji_V8_Apapa:
Tunda ana maganar zafi, kwalbar ma ku kula. Ana son ta tsakanin psi 900 zuwa 950, a kan haka aka lissafa jet ɗin da ke auna yawan gas da mai. Turawa hita suke naɗa mata don sanyi, mu a nan ka bar mota a rana a watan Maris but ya yi zafi sai ka ga ta haura 1000. Matsi ya hau gas ya ƙaru, mai bai ƙaru ba, inji ya bushe. Sa geji a kan kwalbar, kuma kar ka harba in juyin inji bai kai 3000 ba. Kit ɗin naka wet ne ko dry, wato yana fesa mai tare da gas ko gas kaɗai?

Sadiq_IS300:
Mai fesa duka biyun ne Baba, solenoyid biyu gare shi.

Alhaji_V8_Apapa:
Madalla. Na hannu ne ka ce, a gwada na man sosai, in ya maƙale gas ya tafi shi kaɗai ba fulogin da zai tsaya.

Turbo_Nas:
Ni fa har yanzu ban ga dalilin naitros a motar nan ba. GE mai VVT-i sandunan fistin ɗinsa sun fi na GTE siranta, kowa ya sani, sunan 2JZ ne kawai ke ruɗar mutane. Kuɗin cika kwalba ka tara ka sa gaskit mai kauri ka rage kwamfreshan, ka ji daɗin turbo ɗinka.

Sadiq_IS300:
Na ji Nas, kwalbar za ta jira tukuna. Yanzu na samo BKR7E, zan je gareji gobe in sha Allah. Da me zan matse bakin, kuma a shafa giris a tiredi?

Oga_Bala_Ladipo:
Fila geji, ba wannan mai kama da kwabo ba, kuma kar yaron shago ya buga shi a ƙasa ya ce ya saita. Ƙugiya kaɗai ake lanƙwasawa, ba a taɓa allurar tsakiya. Kar a shafa komai, NGK da kansu sun ce a sa shi a bushe don an riga an yi wa tiredin rufi, giris na sa a ɗaure fiye da kima. Inji ya huce, ka fara da hannu har ya zauna, sannan Nm 25 zuwa 30, in babu sifana mai awo rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku bayan wosha ta taɓa. Fulogin da bai ɗauru ba ba ya zubar da zafi, 7 ɗinka sai ya koma kamar 5.

Alhaji_V8_Apapa:
Ni dai ina nan kan bakana, ranar da kwalba ta hau 8 mai lafewa.

Oga_Bala_Ladipo:
Shot 50 ne fa Alhaji ba 150 ba. 7 da tazarar 0.6 da taimin a baya zai ɗauka.

Alhaji_V8_Apapa:
50 a kan psi 8 a kan 10.5 Bala. Haɗa lissafin duka.

Mai_Golf_Obalende:
Kafin ku gama, Golf 6 GTI da aka yi wa tunin stej 1 kawai, wato matakin farko, ita ma sai na sauka mataki ɗaya ko in bar na kamfani in matse baki?